Kantun Balma a Ruwan Kifi

Ranar da direban tirela ya sauke mini akwatin gilashi da 'yan kifayen teku masu rawayen ciki daga Legas, ya isar da saƙon mai kifin: ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri, gishirin kuma na musamman ne, sai an aiko daga can.

Daga can? Ni ɗan Ƙaura, ga kasuwar Shinkafi a hancina? Na je na sayo kantun Balma, gishirin da shanun Jangeru ke lasa su yi ƙiba, na daka, na zuba. Na ɗanɗana ma, na ƙara.

Ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Yayata ta leƙo ta riƙe baki. "Kai! Wanga ai gishirin shanu na!"

Na ce, "Yaya, abin da ya gina bijimi ne zai kasa ɗan kifi?"

Kafin la'asar duk sun juyo rawayen cikin nan sama.

Har gobe ina kan bakana: gishirin ba shi da laifi, kifayen ne ragwaye. Amma ko jiya da na shiga tasha, sai direbobi suka miƙe tsaye: "Ran Sarkin Ruwa shi daɗe! Ina labarin garke?"