Notin Da Hanifa Ba Ta Haɗiye Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidanmu na Kwaciri ba, ranar da na tara matan layinmu a kan fo ɗin 'yata.

Abban Hanifa yana da wani tsohon babur da ya gada wajen mahaifinsa. Ranar ya kwance giyarsa a tsakar gida, ya jera ƙarafan da notoci a kan kwali, kowanne a gurbin da zai koma. Ya ce kada a taɓa, ya tafi Sabon Gari ɗauko Baba Rasaki, makanikin da ya san hannun babur ɗin.

Ni boko bai dame ni ba, amma ido gare ni. Na san ƙananan notoci shida ne a layin gefe. Na fito daga wanka, ga Hanifa ta rarrafa bakin kwalin tana tsotsar hannu. Na duba: biyar.

Na juye komai a kwano ina ƙirgawa (jerin da aka ce kada a taɓa ke nan). Na ɗura wa Hanifa manja. Maƙwabciyata Maman Sadiya ta jiyo kukana, kafin wani lokaci gida ya cika, kowa da maganinta. Muka ɗora yarinya a fo, ni kuma na tsuguna da tsinken tsintsiya ina tona.

Haka mazan suka same mu. Ina bayani ina shessheƙa, sai Abban Hanifa ya sa hannu a aljihu ya fito da notin.

"Wannan? Haƙoransa ne suka cinye, na tafi da shi samfur."

Baba Rasaki ya leƙa kwanon, ya leƙa fo ɗin. "Amarya, sannu da aiki. Ke ma giya kike kwancewa?"

Matan suka zame ɗaya bayan ɗaya, suna danne dariya da mayafi. Ni dai na rungume Hanifa, duk jikinmu manja, ina ta hamdala. Sai la'asar dattijon ya gama gano gurbin kowane noti, babur ya tashi.

Tun ranar, kafin na yi kururuwa sai na fara buga wa Abban Hanifa waya. Manja kuwa na miya ne.