Farfesun Madina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da iyayen surukata suka fara cin abinci a gidanmu. Ko na so in manta ma, mutanen gidan nan sun ɗauki alkawarin ba za su bar ni ba.

Bari in fara da yabon kaina, tunda shi ya ja mini. A layinmu nan Batsari, in dai maganar shayi ake, sunana ake kira. Ba irin na mai tebur ba, da ake tsoma ganye a ruwan zafi a ɗaga. Nawa sai an daka citta da kanumfari da masoro, a jefa na'a-na'a, a bar shi kan gawayi yana ta gunaguni shi kaɗai. Mai jego a aiko wurina, mai mura a aiko wurina. Ban yi boko mai nisa ba (aji uku na yi aka ce ya isa, ni ma ban yi gardama ba), amma kullum ina cewa hancina ya gama jami'a. A miƙo mini kowane ƙulli, in shinshina, in faɗi abin da ke ciki.

To, autana Sanusi, tela ne, ya ga yarinya a Safana, Rukayya, 'yar Malam Abdu mai Islamiyya, wanda ya yi shekaru yana karatu a Madina. Gidan malamai ne, ba sa gaggawa. An kai gaisuwa, suka ce za su yi shawara. Shawarar nan ta shiga wata na biyu, yarona ya fara ramewa, har ya ɗinka wa wani mutum riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ana cikin haka uwar yarinyar, Hajiya Saude, ta dawo daga Umra. Ni da ko kasuwa sai dai in yi aike, na yi lulluɓi na shiga mota har Safana yi mata sannu da dawowa. Da zan taho ta haɗa mini tsaraba: dabino, zamzam, carbi, sai wani gwangwani mai rubutun Larabci.

"Wannan kuwa, Maman Sanusi," in ji ta, "Malam ba ya rabuwa da shi tun zamansa a Madina. Yadda ake yi, sai ki..."

"Haba Hajiya! Ai na san shi. Mun saba."

"To madalla, kin hutar da ni."

Wallahi ban taɓa ganinsa ba. Amma ina zaune a ɗakin da littattafai suka kai rufi, sai na ji ba zan iya zama matar da ake yi wa bayani ba.

Da na koma gida na buɗe. Gari ne ruwan ƙasa mai haske, kamar an niƙa ƙuli-ƙuli, ga wani ƙamshi mai shiga kai. Kofi dai na san shi: baƙi ne, a 'yar leda, direbobi ke sha don kada barci ya ɗauke su. Wannan ba baƙi ba ne. Na shinshina sau uku, jami'ar hancina ta yanke hukunci: yajin Larabawa ne. (Sanusi yana karanta Larabci daidai gwargwado, kuma yana zaune a ƙofar ɗaki lokacin. Tambaya ɗaya ce. Ban yi ba.)

Bayan sati biyu aka aiko cewa Malam Abdu zai zo walimar sauka a Batsari, zai biyo gidanmu da Hajiya bayan azahar, su juya kafin la'asar saboda halin da hanya ke ciki. Kowa ya san ma'anar wannan biyowa. Gidan da za su ba 'yarsu suke so su gani.

"Inna," in ji Sanusi, "don Allah ki yi abin da kika saba kawai. Kada ki ƙara komai."

"Kai za ka koya mini girki? Je ka gyara hannun rigar mutane."

Aka yanka zabi biyu, na ɗora farfesu. Na ce a raina, yau Malam zai ji ɗanɗanon Madina a Batsari, ya san 'yarsa gidan wayayyu za ta. Na zuba cokali uku na garin nan. Na ɗanɗana, na ji ɗaci. Na ƙara dunƙule da gishiri. Ɗaci yana nan. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ce ai bai kama ba ne, irin kayan nan sai an sake musu hannu. Na juye gwangwanin kaf, har da bubbuga gindinsa.

Romon ya koma kalar ruwan rafi da damina. Na sake ɗanɗanawa, fuskata ta tattare, amma na lallashi kaina cewa abin ƙasa mai tsarki ai dole ya bambanta da namu.

Suka iso, aka yi gaishe-gaishe har gwiwata ta gaji. Maza suka zauna a zaure da maigidana, ni da Hajiya a ɗaki. Na zuba mata, na zauna ina kallon bakinta. Ta kai cokali ɗaya. Ta tsaya. Ta dubi rufi kamar mai neman wata aya da ta ɓace mata.

"Masha Allah," in ji ta, ta jawo kofin ruwa.

"Hajiya, kin gane abin da ke ciki kuwa?"

"Na gane."

"Ai na faɗa miki mun saba."

(Har yau in na tuna wannan maganar, sai in ajiye abin da ke hannuna in yi salati.)

Baiwar Allah ta daure ta ci tsoka biyu. Ina shirin ƙara mata romo sai ga maigida a bakin ƙofa yana gyaran murya.

"Malam ya ce tun da ya shigo gidan nan yake jin ƙamshin gahawa, har a cikin romo yake jin ta. Ya ce in an dafa, a kawo masa ko kaɗan ne, a haɗa da dabino."

"Wace gahawa?"

"Ta gwangwani, wadda Hajiya ta ba ki. Wai kofin Larabawa ne, sha ake yi."

Sha ake yi. Ni, uwar shayin layi, an ba ni abin sha na tura shi cikin zabo.

Nan take ƙarya ta jeru mini a baki. Akuya ta zubar. Na raba wa maƙwabta. Ɓera ya shiga. Duk sun zo, kowace tana cewa ni ce daidai. Na ɗaga kai, sai na ga idon Hajiya a kan taga, inda gwangwanin ke zaune baki buɗe, wayam. Na tuna Sanusi yana can bayan zaure yana jiran abin da zai fito daga ɗakin nan.

"Hajiya," na ce, "gahawarku tana cikin cikinku. Ban san ta ba, ban taɓa ganinta ba. Kunya ta hana ni tambaya, na ɗauka yaji ne."

Maigida ya sulale kamar ba shi ya kawo saƙon ba. Sai kafaɗun Hajiya suka fara rawa, ta toshe baki da mayafi, dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Tun cokalin farko na gane," in ji ta. "Ina zaune ina roƙon Allah kada ki ce mini akuya ce. Da kin ce akuya, ban san yadda zan bar miki 'yata a gidan nan ba. Tashi ki dafa wa Malam shayinki, wanda kika sani."

Na dafa, aka kai wa Malam. Kofi uku ya sha. Daga baya maigida ya ba ni labari cewa Malam ya cinye nasa farfesun tas don kara, da aka gaya masa abin da ya faru ya shafa gemu ya ce, duk zamansa a Madina bai taɓa samun gahawa mai ƙashi ba sai a Batsari.

Sati bai cika ba suka aiko a je a sa rana.

Yanzu Rukayya ce ke dafa mana gahawa da hantsi, a 'yan kofuna ƙanana kamar murfin kwalba, kuma na saba da ita da gaske. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai na lura duk ranar da aka yanka kaza, gwangwaninta yana komawa saman kabad, inda hannuna ba ya kaiwa.

Ni dai tun da nake ban taɓa kusantar abin maye ba, amma na gano "ai na sani" ma tana bugarwa, kuma ba a sayenta, a gida ake haɗa ta. Yanzu ko gishiri aka ba ni tsaraba sai na ce, "Yaya ake yi da shi?" Sannan in yi abin da ya fi shan farfesun nan wuya: in rufe bakina har mai magana ya kai ƙarshe.