Ranar da Hannun Rigata Ya Share Runduna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na karkashe runduna guda da hannun babbar riga, ni da ko kaza ba na iya yankawa sai na kira maƙwabci.

'Yata Ummi ce sanadi (sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na iya yi mata faɗa mai ƙarfi). Ta gama karatun kwamfuta, ta samu aiki mai kyau a Washington, sai kawai ta ajiye, wai ita da abokanta biyu za su ƙera wasan waya. Na yi fushi, na daina cin abinci a tebur ɗaya da ita a gidanmu na Mitchellville, kusa da Washington. Fushin bai yi sati ba, don ita ke dafa miyar da nake so.

Ga yadda abin yake. Akwai wani kamfani da ke ƙera 'yan sojojin roba, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Manya da gemunsu suke saye, su yi musu fenti da hannu, su jera a tebur, su jefa ƙwayar lido, wai yaƙi ake yi. Kamfanin ya ƙago wa sojojin nan duniya guda, da sarakunanta da garuruwanta da tsohuwar gabarta. Shi ba ya yin wasan kwamfuta. Aron duniyar yake bai wa masu yi, yanki-yanki, kamar aron gona: ka noma, ka ba mai ita rabonsa, amma kada ka taɓa iyaka. Ko hular soja ka zana, sai ka aika sun amince. Lasisin nan Ummi take nema, kuma in ba ta samu ba, aikin da suka shekara suna yi ya tashi a banza.

Sai aka ce matar da ke ba da lasisin za ta zo wani taron 'yan wasa a wani otal kusa da Annandale. Na ce zan raka ta.

"Baba, ka sauke ni kawai, ka jira a mota," in ji Ummi da Turancinta. Tana jin Hausa sarai, amma amsa sai da Turanci.

"Haba Uwata! A ina aka taɓa neman abu babba babu dattijo a gaba? Sai su ɗauka ba ki da kowa."

Na saka shaddata mai ruwan sararin samaniya, wadda ta sha sitaci, na kafa hula, na ɗauki ƙullin kilishi na tsaraba. Muna shiga otal aka yo kaina da kyamarori. Na ce a raina, ka ga mutanen da suka san girma. Ashe rabin jama'ar sun yi shigar jaruman wasa ne. Wani saurayi mai ƙahon roba a ka ya tambaye ni wane sarki nake kwaikwayo, kuma wa ya ɗinka mini. (Na gaya masa sunan telana na Fagge. Har rubutawa ya yi.)

Matar, Baturiya ce mai furfura da tabarau, tana tsaye gaban wani dogon tebur. An jera sojoji sahu-sahu, da dawakai, da wani dodo mai fukafukai. Ummi ta raɗa mini cewa ita matar ta yi musu fenti da hannunta tun tana budurwa. Ummi ta buɗe kwamfutarta ta fara bayani, muryarta na rawa. Ni kuwa da na ji rawar muryar nan, zuciyata ta kasa haƙuri. Na gyara murya, na matso, na ce da Turancina na ofis:

"Madam, ni ne mahaifinta. Yarinyar nan amana ce, ba ta taɓa..."

To, kun san mai babbar riga in zai yi magana mai nauyi, sai ya wurga hannun rigar bisa kafaɗa. Na wurga. Wallahi ban ji komai ba sai wani sauti, ratatata, kamar an zubar da tsakuwa a faranti. Sahun gaba ya tafi. Na juyo da sauri in ga me ya faru, ɗaya hannun ya kwashe dawakan. Dodon ya yi tsalle ɗaya, ya sauka babu fiffike.

Kowa ya juyo yana kallonmu. Innalillahi! Na dubi Ummi, na ga ta rufe baki da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini haka ba. Na durƙusa da shaddata da furfurata, ina rarrafe a ƙarƙashin tebur, ina tsinto sojoji ina ce wa kowanne "sannu". Can sai na ga gwiwoyin Ummi kusa da nawa. Sannan na Baturiyar. Muka yi ta tsinta mu uku. Da muka miƙe, na rasa abin yi, sai na miƙa mata kilishi.

A mota na ce, "Uwata, na kashe miki aiki."

Sai ta sa hannu cikin naɗin rigata ta zaro wani soja da ya maƙale. Washegari ita ta mayar wa Baturiyar da shi, ita kaɗai, ta ƙarasa bayaninta ba dattijo a gaba.

Bayan watanni suka ba ta lasisi. Ba duniyar duka ba, wani ɗan gari ne a bakin iyakarta. Cikin zanen da ta aika a duba, har da wani tsoho mai faffaɗan hannun riga, wanda in ya juya sai maƙiya su zube. Kamfani ya amince da komai ban da shi. Suka ce a duniyarsu babu mutum irin wannan.

Ummi ta kawo mini zanen a firam, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Baba, na ce musu ba komai. A nawa duniya akwai shi."

Ban gyara mata Hausar ba. Yanzu in ta ce in jira a mota, ina jira, in yi ta addu'a daga can. In kuwa dole sai na shiga, kaftani nake sawa.