Ƙudan Sarauniya a Dam ɗin Kazaure

"Shi ya sa nake gaya maka, Daudu, kifi ma aji gare shi," in ji Malam Kaumi, yana buɗe wani ɗan akwatin ƙarfe a bakin dam. "Kifin da ya san darajar kansa ba ya cin tana."

Daudu direba ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," domin Kaumi ne ke ba da hutu a ofis.

Kazaure dai ta yi sa'ar ɗa. Shekarar da kuɗin mai suka fara ambaliya, gwamnati ta tura Kaumi Ingila koyon harkar kifi. Ya dawo da malafa, da sandar fatsa mai lanƙwasa, da akwatin nan cike da ƙudajen ƙarya, an ɗaura su da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya. Da su Turawa ke yaudarar wani kifinsu mai ɗige-ɗige da ke son ruwan sanyi. Kifin bai taɓa jin labarin Kazaure ba, amma wannan ba laifin Kaumi ba ne. Tun daga nan gari ya naɗa shi Sarkin Ƙuda, shi kuwa ya karɓa hannu biyu.

Ana haka matarsa Kellu ta haihu. Uwarta, Hajja Kaka, ta zo daga Babura da sabulun salo haɗin hannunta don wankan jego. Da ta ce a sayo tarwaɗa a yi wa mai jego farfesu, Kaumi ya miƙe a gaban 'yan barka.

"Ba za a ce matar jami'in kifi ta ci kifin kasuwa ba. Kafin suna, da hannuna zan kawo shi, a ilmance."

To, ga shi gobe suna, tukunya wayam.

Ya fara da koren ƙuda. Ya wulwula zare ta baya kamar yadda aka koya masa, ƙugiya ta cafke malafarsa ta kai ta tsakiyar ruwa. Ya ce gwajin iska ne. Ya sa shuɗi, ƙaya ta riƙe. Sannan ya ɗauko babban, ja mai ratsin zinariya, wanda yake kira Ƙudan Sarauniya. Ƙuda ya sauka kan ruwa yana yanga. Tarwaɗa kuwa tana can ƙasa cikin taɓo, ko ɗago gemu ba ta yi ba. Wani kwaɗo ne kaɗai ya leƙo, ya duba, ya koma.

"Kifin ƙasar nan bai waye ba," in ji Kaumi. "Je ka duba mota."

Da Daudu ya ba da baya, Sarkin Ƙuda ya waiga hagu da dama. Ya zaro wani dunƙule da ya gutsuro da safe daga kwanon wankan jego, ya mulmula a ƙugiya, kamar yadda ya saba yi yana yaro, lokacin bai san Ingila ba. Bai gama gyara zama ba sanda ta lanƙwashe.

Ya shiga gida da tarwaɗa kamar cinya, Ƙudan Sarauniya maƙale a leɓenta don shaida. Mata suka yi guɗa. Kaumi ya hau bayani kan launi da hasken rana da tunanin kifi, har da kalmomin Turanci waɗanda Daudu ya tabbatar da su da gyaɗa kai.

Hajja Kaka, wadda ta wuni tana cigiyar wanda ya gutsure mata sabulu, ta ja gyale ta tsuguna da wuƙa. Ta farke cikin kifin, ta zuba ruwa. Kumfa ta taso, baƙa-baƙa, har da ƙamshi. Ta shinshina. Da yake surukai ba sa haɗa ido, sai ta juya ga ƙofar ɗakin 'yarta.

"Kellu, ki yi wa maigidanki sannu da ilimi. Ki kuma tambaye shi, in Sarauniya ta gama da sabuluna, a dawo mini da ragowar."

Ta miƙa wa wata mata kifin, ta ɗauki bokiti ta nufi murhu, don ruwan wanka ya tafasa.