Rasuwar Keken Shahata Mai Kai Gurasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta ƙi zama wuri ɗaya, Nabawiyya matar Shahata mai kai gurasa, ta unguwar Imbaba a Alƙahira, tana sanar da rasuwar kekensu, bayan shekara ashirin da shida yana ciyar da gidan.

Labari ya same ta ran Talata da hantsi, tana yanka albasa. Maƙwabciya ce ta ƙwala kira daga ƙasan bene: "Ke Nabawiyya, sauko! Mijinki ko ƙwarzane, amma keken ya tafi."

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman mai ba sai ɗan ɗigo a sarƙa. Ya ɗauki Shahata, Shahata ya ɗauki tiren gurasa a ka, hannu ɗaya na riƙe da tire, ɗaya na tuƙi. Ba ya magana sai ƙirin-ƙirin. Ya daɗe yana fama da ciwon birki, ana yi masa magani da diddigen silifa.

Ajali ya zo a bakin kasuwa. Shahata ya hangi gurasar wani yashe a titi, shi kuwa ba a haife shi ya taka gurasa ba. Ya kauce, ya bugi tsoho Fahmi tela, ya karya masa ƙafa. Keken ya shige ƙarƙashin bas. Jama'a suka tsince gurasar, suna sumbata suna kaiwa goshi.

Ya rasu ya bar Shahata, wanda yanzu yake zagaya ɗaki ɗaya kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya bar famfo da faci bakwai.

Ana ta cewa za a kafa doka, mai keken da ya ji wa mutum rauni sai gidan yari. Nabawiyya ba ta san ko an kafa ba, kowa da abin da yake gaya mata. Ɗan tela ya ce kotu. Tela bai ce komai ba tukuna.

Gawa tana ofishin 'yan sanda. Ba za a sa ranar jana'iza ba sai tela ya yi magana, sannan 'yan gwangwan su ɗauka. Masu ta'aziyya kada su kawo abinci, su je su duba Fahmi.

Ƙararrawar keken kaɗai aka ba ta. Kullum da safe takan kai wa tela gurasa biyar masu zafi, tana tafe da ƙafa. In ta isa ƙofarsa sai ta ciro ƙararrawar ta kaɗa sau biyu, yadda ya kamata a yi ran nan, da Shahata yana da hannu na uku.