Bindin Zakaran Tsohuwa

"Lafiya lau, angona. Amma in ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ni kake gaisarwa ko zakarana?"

Tela na durƙushe gaban kakarsa, sandar fatsa a kafaɗa, ido kuwa na kan jan zakaran da ke tone-tone bayan turmi. Tsohuwa ta san abin da ya kawo shi. Wannan jika nata ba ya kamun kifi da tana kamar 'ya'yan mutane. Gashin tsuntsu yake ɗaurewa jikin ƙugiya da zaren ɗinki har ya koma kamar ƙwaro, ya wurga bisa ruwa, wai karfasa ta taso ta haɗiye. Jiya ta shiga share masa ɗaki, ta buɗe wani gwangwani ta iske ƙwari maƙil, ta juye su cikin garwashi. Yau ga abokansa na jiransa bakin tafki, shi ko ba ƙwaro ko na rantsuwa.

"Amarya, kin ƙona min dukiya. Diyya na zo karɓa, bindin zakaran can."

"Magani na yi maka. Ɗaya har cizona ya yi, ga yatsan."

"Ƙugiya ce ta soke ki."

"Ƙwaro mai haƙorin ƙarfe ai shi ya fi cancantar wuta."

Ya ce gashi kaɗan zai fige, zakaran ko sani ba zai yi ba. Ta tuna masa bara da ya faɗi haka: ya bar mata bawan Allah da gindi tsirara, kaji suka daina kula shi, kunya ta hana shi cara har sai da wani ya tsiro.

"To na sake ki. Zan nemo mai haƙora, wadda ta san darajar miji."

"Wa za ta ɗauke ka? Mutumin da ke yi wa kifi ƙarya, me zai gaya wa mace?"

"Dabara ce, tsohuwa. Karfasa wayo gare ta, inuwarka ta gani ta tafi."

"Ashe ta fi ni hankali, ni da na zauna."

Ya miƙe ya nufi turmi. Tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa ta riga shi isa, ta cusa zakara ƙarƙashin hammata, ta ce sai dai ya bi ta kanta. Sai ta ga ya dubi rana, ya fara naɗe zarensa. Wannan karon ba wasa yake yi ba. Tun yana rarrafe ta san shi, ba abin da ya tsana kamar a yi masa dariya a waje.

Ta tambaye shi ko kifin nasa na da ilimin bambance gashin zakara da na wani. Ya ce in dai yana sheƙi kuma bai nutse da wuri ba, shi ke nan.

Ta saki zakara, ta zare almakashi daga aljihunsa, ta ture ɗankwali, ta datso furfura cikin tafin hannu.

"Ungo. Da wannan na kama kakanka, kuma ya fi karfasa wayo."

"Lokacin ai baƙi ne."

"Yanzu ya ƙara ƙwarewa."

Dariya ta ƙwace masa har sandar ta faɗi. Ya zauna daɓas gabanta, ya miƙa mata bakin zaren.

"Na bi, amarya. Riƙe min nan."