Nomau da Hannun Hagun Kawu Jatau

A ƙauyen Tungar Marke akwai wani gida mai mutum uku: Kawu Jatau makaɗin jita, da matarsa Inna Tabawa, da ɗan ƙanwarsa Nomau, wanda suka riƙa tun yana ƙaramin maraya. Jatau ya koyo kiɗan ne a birni zamanin ƙuruciyarsa, kuma ba a biki ko suna a wannan karkara sai an aiko masa. Nomau kuwa ya girma har ya ajiye gemu, amma hankalinsa bai girma tare da shi ba. Ba shi da ƙeta, ba shi da gardama. Aibinsa ɗaya ne: duk maganar da aka faɗa masa, haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Babu kuma abin da yake so a duniya kamar ya zauna a gefen kawunsa yana kallon yadda yatsun hagunsa ke yawo a kan tsirkiya.

Wata rana Nomau ya durƙusa ya roƙi a koya masa. Jatau ya kama hannunsa, ya juya shi, ya ce, "Wannan hannun fartanya ne. Ba za ka taɓa jitata ba sai ya yi laushi." Ya nuna masa yadda zai kifa tafinsa a kan tabarma, ya ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan babban yatsa ya gaisa da kowannensu. Ya ce, "Kafin ka taɓa komai, fara yin wannan." Da rana Inna Tabawa na wanka, ta jiyo ƙauri, ta ɗaga murya ta ce, "Nomau, sauke mini tukunyar nan!" Nomau ya zauna gaban murhu, ya kifa tafinsa a ƙasa, ya fara daga ƙaramin yatsa cikin natsuwa. Kafin ya kai ga babba, miyar ta ƙone ƙurmus. A ranar, gayan tuwo suka ci.

Wata rana Jatau ya ba shi curin tsumma, ya ce, "Ƙarfin riƙo kake buƙata. Duk abu mai laushi da ya shigo tafinka, matse shi sosai, sannan ka saki." Da aka aike shi sayen tumatir, ruwa da ɓawo ya kawo gida. Wannan bai kai abin da ya faru a ƙofar masallaci ba, inda mai unguwa, mutumin da ya daɗe rabonsa da gona, ya miƙa masa hannu. Nomau ya ji laushi, ya matse iya ƙarfinsa. Dattijon ya yi salati, hularsa ta faɗi. Sai da Jatau ya je har zaure ya ba da haƙuri.

Wata rana aka ba shi karan dawa da aka ɗaura wa waya, domin ya riƙa dannawa har kan yatsunsa ya yi kanta. Yatsun suka yi bororo, Nomau ya ɓoye karan a bayan rumbu yana hawaye. Jatau ya kira shi, ya shafa masa man kaɗe, sannan ya yi magana da kakkausar murya. Ya ce, "Saurara da kyau. A gidan nan babu hannun hagun da zai wuni bai yi aikinsa ba. Ko yana ciwo, ko mai shi yana kuka, ko ni da bakina na ce a bari, kada a bari." Nomau ya ce, "To, Kawu." Washegari, da ya gama nasa, ya tarar da Inna Tabawa tana tankaɗe, ya cafke hannunta na hagu ya fara ɗaga mata yatsu. Ta bi shi da muciya har waje tana cewa, "Ni ce zan kaɗa maka jitar, ja'iri?" Jatau ya yi dariya har da riƙe ciki.

Dariyarsa ta ƙarshe ke nan a wannan shekara. Wata rana yana alwala buta ta suɓuce masa, ya faɗi. Aka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bakinsa ya dawo, ƙafar ma ta fara ɗaukarsa, amma hannun hagu ya dunƙule kamar busasshen ganye. An faɗa masa ya riƙa motsa shi, ya ƙi. Ya lulluɓe shi da mayafi, ya juya fuskarsa dama, ya ce, "Wannan ya riga ni tafiya. A bar gawa ta huta." Ya rage ci, ya daina fita. Inna Tabawa takan koma madafa ta yi kukanta a ɓoye, domin ta lura ba hannun kaɗai ke mutuwa ba.

Nomau bai fahimci wannan duka ba. Abin da ya sani shi ne akwai hannun hagu a gidan da bai yi aikinsa ba. Kullum da hantsi sai ya zo da man kaɗe, ya zura hannu ƙarƙashin mayafin, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sa babban ya gaisa da sauran.

Jatau yakan ce, "Na ce ka bari!"

Nomau yakan amsa, "Ai ka ce ko kai ka ce a bari, kada a bari."

Jatau ya zage shi, ya jefe shi da takalmi, wata rana har ya yi masa kuka. Nomau ya jira ya share hawaye, ya ci gaba daga yatsan da ya tsaya. Haka damina ta wuce, aka yi girbi.

Wata rana aka jiyo kiɗan biki daga hayi, bikin da ba a aiko wa Jatau ba. Ya ɗaga kai ya ga jitarsa rataye a bango, ƙura ta rufe ta. Ya ce, "Nomau, ɗauke ta. Ka kai ta inda idona ba zai sake ganinta ba." Nomau ya sauke ta, ya zagaya gidan yana tunani. Rumbu, Kawu yakan leƙa. Zaure, nan yake bi. Wuri ɗaya ne kaɗai ya tabbata Kawu ba ya kallo. Ya jira barcin azahar ya ɗauke shi, ya cusa jitar ƙarƙashin mayafin, ya ɗora shanyayyen hannun a kan wuyanta, ya rufe.

Da Jatau ya farka, ya ji wani siririn sauti a gefensa. Ya kasa kunne. Sautin ya sake fitowa. Ya fizge mayafin da hannun dama, sai ga yatsansa na tsakiya a kan tsirkiya, yana dannawa yana saki, a hankali kamar mai koyon tafiya. Inna Tabawa da ke bakin ƙofa ta saki ƙwaryar da ke hannunta.

Nomau ya firgita, ya ga ya ɓata aiki. Ya ce, "Kawu, ka ce kada ka gan ta. Rufe idonka!"

Jatau ya daɗe yana dubansa, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Sannan ya ce, "To, Nomau." Ya rufe idonsa, ya sake danna tsirkiyar.